Daga Dajin Falgore Zuwa Tafkin Chadi: Abubuwan Ban Mamaki 20 Game da Ƙasar Garun Malam

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya a watan Fabrairu, da zarar ya kai Kura zai ga abin da ba kasafai ake gani ba a ƙasar Hausa. Rani ya tsaya, ciyawar daji ta bushe ƙayau, amma dama da hagu gonaki ne kore shar har iyakar ganin ido. Nan ne yankin noman rani na Kogin Kano, wanda ya haɗa Kura da Garun Malam da Bunkure. Ƙasa ce ƙarama mai yawan jama'a, sai dai arzikinta ya rataya ne a kan wasu wurare masu faɗi da ba kowa a cikinsu, da kuma ruwan da wasu bayin Allah ke jiran rabonsu a can gaba. Ga abubuwa 20 da ya kamata a sani.

1. Ƙarama ce, amma maƙil take da mutane

Faɗin ƙaramar hukumar Garun Malam murabba'in kilomita 214 ne kacal. A ƙidayar 2006 an sami mutum 116,494 a cikinta, wato fiye da mutum 500 a kowane murabba'in kilomita. Ƙaramar hukumar Doguwa, can ƙarshen kudancin jihar, ta ninka ta kusan sau bakwai a faɗi, amma a wancan lokacin mutanenta 151,181 ne. Daga wannan kudancin mai duwatsu da dazuzzuka ruwan da ake noma da shi a Kadawa, cikin Garun Malam, yake gangarowa.

2. Dajin da ba a noma shi, amma shi ke riƙe da manoma

Dajin Falgore ya kusan murabba'in kilomita 1,000, ya ratsa Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Ya ninka Garun Malam fiye da sau huɗu, kuma tun zamanin Turawa aka keɓe shi. Kogin Kano ta cikinsa yake bi kafin ya zuba a madatsar Tiga. Saiwar itatuwa da ciyawar dajin su ke riƙe ƙasa lokacin marka. Idan aka sare su, ruwa zai kwaso laka da yashi ya jibge a cikin madatsar, zurfinta ya dinga raguwa a hankali. Saboda haka mai sare itace don gawayi a Falgore gonar mutumin Ciromawa, a nan Garun Malam, yake taɓawa, ko da ba su taɓa haɗuwa ba.

3. Ruwan nan ba ya zuwa teku

Kogin Kano ya taso daga tuddan da ke gindin tsaunukan Jos, ya gangaro arewa, ya haɗu da Kogin Challawa kafin a kai Wudil, daga nan ya zama Kogin Haɗeja. Can gaba ya gamu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe, wanda ke nufar Tafkin Chadi. Shi kuwa tafkin ba shi da mafita zuwa teku. Amma matafiyin da ya ci gaba ya isa Zariya ya riga ya tsallaka wata iyaka da ido ba ya gani: ruwan Kogin Galma Kaduna yake zuwa, daga nan Kwara, daga nan Tekun Atlantika.

4. Abin da ya sa madatsun suke kudu da yamma

A nan yankin, in aka haƙa ƙasa ba da nisa ba za a ci karo da tsohon dutse mai tauri, kuma koguna na bi ta kwari mai gaɓa. Irin wannan wuri shi ke karɓar madatsa. Gabas da Wudil kuwa dutsen ya nutse ƙarƙashin yashi mai zurfi, ƙasa ta shimfiɗe, kogi ya rarrabu ya malala. Shi ya sa madatsun Tiga da Challawa suke nan sama, manyan fadamu suke can ƙasa.

5. Wata biyar na ruwa, wata bakwai na jira

Damina kan kankama ne daga wajen watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba, Agusta kuma shi ne watan marka. Abin da ake samu a shekara kan kai milimita 800 zuwa 1,000. Ruwan da rana da iska ke iya ƙafar da shi a shekara ya kusan ninka wannan. Da bazara zafi kan haura digiri 40, da hunturu kuma asuba kan sauko ƙasa da digiri 15. Tsakanin waɗannan biyun manomin rani yake tsara shekararsa.

6. Ƙurar hunturu daga ƙasan tsohon tafki take

Mafi yawan hazon da ke rufe Kano daga Disamba zuwa Fabrairu daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin ƙasar Chadi, inda sai a yi tafiya mai nisa ba a ga gida ba. Dubban shekaru da suka wuce wurin ƙasan Tafkin Chadi ne, lokacin da tafkin yake da girman gaske. Ƙurar ragowar ƙananan halittun ruwa ce da suka mutu suka bushe, kuma tana ɗauke da sinadaran da shuka ke so. Wani kaso nata kan sauka a gonakin Kano, wani ya tsallaka Atlantika har dajin Amazon. Ke nan muna tura wa Chadi ruwa, tsohon ƙasanta yana aiko mana da taki ta sama.

7. Tafkin da ya kusan kai girman ƙaramar hukumar

An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tsawon ginin ya kai wajen kilomita 6. Yadda aka tsara ta, in ta cika ruwan kan mamaye murabba'in kilomita 178, ya kuma kusan kubik mita biliyan 2. Wato tafkin ya haura kashi huɗu cikin biyar na faɗin Garun Malam gaba ɗaya. Aikin ya zo daidai da babban farin da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, lokacin da dabbobi suka ƙare, mutane suka yi ta ƙaura kudu. Birnin Kano ma yana cin moriyarta, domin matatar ruwa ta Tamburawa da ruwan waɗannan koguna take aiki.

8. Ba inji ke tura ruwan ba

Wannan shi ne babban sirrin shirin noman ranin. Tiga ta fi gonakin tudu, don haka da ƙafarsa ruwan yake zuwa. Ya bi babban kanal, ya ratsa tafkin Ruwan Kanya, sannan ya rabu gida biyu: reshen yamma ya nufi Kadawa da Kura, na gabas ya nufi Bunkure. Daga nan ƙananan magudanai su raba shi gona-gona. Da yake ruwa ba ya barci amma manomi yana yi, sai aka haƙa ƙananan tafkuna da ke tara na dare, da safe a buɗe. A bakin gona kuma da guntun bututun roba ake tsallako da shi: a cika shi da ruwa, a toshe baki ɗaya da tafin hannu, a kifa shi a kan kunya, ruwa ya ci gaba da zuba a fangali ba fetur ba lantarki.

9. An zana hekta 22,000, ba a kai ba

Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne ya yi nazarin shirin, kuma a Kadawa aka fara gwaji. Har yau Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, tana da tashar binciken noman rani a nan. Kashi na farko an tsara shi ne a kan hekta 22,000, amma abin da aka shimfiɗa wa magudanai ya tsaya a wajen 15,000. Waɗanda kanal bai kai gare su ba ba su zauna ba. Sun haƙa ƙananan rijiyoyi a fadama, sun sayi injin ban-ruwa. Da aka cire tallafin man fetur a 2023, da yawa suka mayar da injinansu masu aiki da iskar gas, wasu suka koma hasken rana.

10. Alkama a ƙasar zafi

Alkama shukar sanyi ce, kuma hunturu ne kaɗai ke ba ta wurin zama a nan. Ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, a girbe wajen Maris. Wanda ya makara, zafin bazara zai riski zangarniyar tana ɗaukar ido, ƙwayar ta motse. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin tun kafin Tiga ana noma ta kaɗan-kaɗan a fadamu da jigo, a yi alkaki da gurasa da taliya. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama, Kadawa ta zama wurin da idon ƙasa yake kai. Bayan 'yan shekaru aka ɗage hanin, kuma har yanzu mafi yawan alkamar da ake yin burodi da ita a Najeriya daga waje take zuwa.

11. Kasuwar da ke rayuwa da kaka

Kwanar Gafan, a bakin titin Zariya, tana cikin manyan kasuwannin tumatir na ƙasar nan. Daga wajen Janairu zuwa Afrilu wurin ba masaka tsinke: manoma, dillalai, masu lodi, masu saƙa kwando, masu abinci, direbobi. Ana jera kwanduna a manyan motoci su kama hanyar kusan kilomita 1,000 zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, wasu su nufi Fatakwal da Onica. Tumatir ba ya jira. In mota ta lalace ko aka tsare hanya kwana biyu, kayan sun tafi. Idan kasuwa ta cika farashi ya faɗi, sai a yanka shi a shanya a rana ya zama kauɗa, wadda ke ceton miya da damina lokacin da ɗanye ya yi tsada.

12. Masana'anta a tsakiyar tumatir, tana neman tumatir

A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar markaɗa tumatir a Kadawa, mai iya cinye tan 1,200 a rana. Duk da haka ta sha tsayawa saboda rashin isasshen kaya. Dalilan a fili suke. Tumatir na wata uku ko huɗu ne, inji kuwa shekara yake so. Abin da hekta ɗaya ke bayarwa a nan bai kai na ƙasashen da suka ƙware ba. Sannan in farashi ya tashi a kasuwa manomi can zai kai, domin shi ma iyali gare shi. A gefe guda kuma markaɗaɗɗen tumatir na ci gaba da shigowa daga Sin.

13. Ƙwaron da ya biyo tumatir daga garinsu

Asalin tumatir yammacin Kudancin Amurka ne. Daga can ɗin kuma ƙwaron da manoma ke kira sharon ya fito. An fara ganinsa a Sifen a 2006, ya bazu a Turai da Arewacin Afirka, ya iso nan. A 2016 ya yi ɓarnar da ba a manta ba a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Tsutsarsa cikin ganye take shiga ta yi rami, feshin sama bai cika samunta ba, kuma tana saurin sabawa da magani. Zafi ke ƙara mata ƙarfi, shi ya sa shukar da ta makara ta fi shan wuya.

14. Shinkafa sau biyu a shekara

A wurare da yawa shinkafa ta karɓe filin da aka tanada don alkama. Ana yin ta damina, a sake ta da rani. Iri irin su Sipi da Jamila sun zama sunayen da kowane yaro ya sani. Garin Kura ya zama cibiyar casa: ana kawo shanshera daga nesa, mata su jiƙa, su turara, su shanya, injuna su cashe, 'yan kasuwa su ɗinke buhuna. Buntun ma ba a zubar da shi, ana hura wuta da shi, ana shimfiɗa wa kaji. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya ƙara wa wannan sana'a kasuwa ƙwarai.

15. Ci-rani ya juya baya

Al'adar ƙauyukan Hausa ita ce in an gama girbi samari su ɗauki jaka su tafi birni ko kudu, sai ruwa ya sauka su dawo. A nan akasin haka ake gani. Da rani baƙi ke shigowa neman aikin dashe da cira da tsinkar tumatir da yankan shinkafa. Mata da 'yan mata na da babban kaso a wannan aiki. Amma makiyayi ya ga canji ta wata fuskar: gonar da a da ake sakar masa bayan kaka yanzu shuka ce a cikinta duk shekara, burtali ya ƙuntata, har bambaron shinkafa ya zama abin saye.

16. Rawanin Kura a tsakiyar Sahara

Tun kafin a san da kanal, Kura ta yi suna da rini. Ana rina ƙyalle da shuni, a buga shi har ya dinga ƙyalli, a sami turkuɗi da rawani ɗan Kura. Manyan masu sayensa Buzaye ne. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin Kano ke kai wa har Timbuktu da Tarabulus. Jihar Agadas ta Nijar, inda ake ji da wannan rawani, faɗinta murabba'in kilomita 667,799 ne, ta ninka Jihar Kano fiye da sau 30. A ƙidayar 2012 mutanenta 487,620 ne, wato ko mutum ɗaya ba a samu a kowane murabba'in kilomita. Daga can ayarin raƙuma ke sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da tufafi.

17. Tsuntsun da ya fi kowane tsuntsun daji yawa

Janbaki ɗan ƙarami ne, amma babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa. Garkensa in ya taso sai ka ce hadari. Abincinsa na asali irin ciyawa ne, to da rani in daji ya bushe, ina zai nufa in ba gonar shinkafa da alkama ba? Shi ya sa ake ɗaura igiyoyi da gwangwanaye da ledoji, a yi ta kora tun asuba. In abin ya fi ƙarfin manoma, hukuma kan yi feshi da jirgin sama a inda suke kwana.

18. Ruwan da ya kawo arziki ya zo da nasa ciwo

Ruwa mai tafiya a hankali gidan ƙananan katantanwa ne, su kuma ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Yaron da ke wanka a kanal ta fata take shigarsa, daga baya a ga jini a fitsari. Ciwo ne mai magani, kuma bai kamata a ɗauke shi alamar girma ba; asibiti za a kai yaro. Sauro ma ya sami wurin haihuwa rani da damina. Ƙasar kanta tana nuna gajiya: inda magudanan fitar da ruwa suka toshe, ruwa kan kwanta a ƙarƙashi, kanwa ta taso sama fari fat, shuka ta ƙi.

19. Masu jira a can ƙasa

Kafin Tiga, ambaliyar damina kan malale fadamun Haɗeja da Nguru duk shekara. Masunta su yi su, manoma su shuka shinkafa, in ruwa ya janye makiyaya su shigo, tsuntsaye kuma su zo daga Turai su yi hunturu. Bayan Tiga, da kuma madatsar Challawa da aka gama a 1992, ambaliyar ta ragu sosai. Ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya yi wa ciyawar kacalla daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse, wani ya bushe. Can ƙarshe, inda Komadugu Yobe ya zama iyakar Najeriya da Nijar, manoman tattasai na Diffa da wannan kogin suke ban-ruwa. Lokacin da aka gina Tiga, Haɗeja a cikin Jihar Kano take. Da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, maganar cikin gida ta koma maganar jihohi.

20. Gona ɗaya, hukumomi da yawa

Gwamnatin jiha ce ta gina Tiga, amma ruwan yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna. Ƙaramar hukumar, wadda aka yanka daga Kura a shekarun 1990, ɗaya ce cikin 44 na jihar, da mazaɓu irin su Kadawa da Ciromawa da Garun Babba da Ɗorawar Sallau da Yadakwari. Maganar gado da jingina da aron gona kuwa gaban mai unguwa da dagaci da hakimi take fara zuwa. A siyasa ma kanal ɗin ya ratsa iyaka: Garun Malam da Kura da Madobi ɗan majalisar wakilai ɗaya gare su kuma suna Kano ta Tsakiya, Bunkure tana tare da Rano da Kibiya a Kano ta Kudu.

Da hukumomi suka yi yawa haka, gyara kan rasa mai shi. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara magudanai da dama, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, domin su riƙa tara kuɗin ruwa, su yashe ƙananan magudanai, su tsara ranar kowa. Nan ne gaskiyar aikin take, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomin da ke bakin kanal in ya sha iya rabonsa ya rufe, na wutsiya zai samu. Ƙungiya in ta karɓi kuɗi ta nuna inda ta sa shi, gobe za a biya ba gardama. Hukuma kuma nauyi ne a kanta ta tsare Falgore, ta buɗe magudanan da suka toshe, ta saki ruwan damina a kan lokaci saboda mutanen Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Ruwan nan amana ne, kuma duk wanda ya biyo ta ƙofarsa za a tambaye shi yadda ya yi da shi.